Yadda ake hana zafi da sanyi ɓata saitin dufleksar da aka haɗa a gida

Duk wanda ya taɓa riƙe oba-oba ya san ƙa'idarta: mai magana ba ya ji, mai ji kuma ba ya magana. Sai mutum ya danna maɓalli ya faɗi abin da zai faɗa, ya saki, sannan abokin maganarsa ya amsa. Wayar hannu ta 4G kuwa, a yawancin zangunan da take aiki a kansu, tana aikawa tana karɓa a lokaci guda, kuma ta eriya ɗaya. Abin da ya sa hakan ya yiwu wata 'yar na'ura ce da ake kira dufleksa. Wadda ke cikin waya ba ta kai girman ƙwayar shinkafa ba. Wadda masu rediyon sha'awa ke ƙerawa da hannunsu kuwa gwangwanaye ne na jan ƙarfe, huɗu ko shida, kowanne ya haura santimita 50 a tsawo.

Babba da ƙaramar duka abu ɗaya ne ke damunsu, wato canjin zafi. Dufleksar gida da aka saita da sassafe tana aiki lafiya lau, kafin azahar tana iya sa tashar da ke amfani da ita ta daina jin masu kira daga nesa. Ƙarfe dai ba a hana shi miƙewa idan ya ji zafi. Abin da maƙera suka koya shi ne yadda za su tsara ginin ta yadda miƙewar ba za ta taɓa saitin ba.

Rifita da dalilin da ya sa take buƙatar dufleksa

Masu rediyon sha'awa mutane ne da gwamnati ke ba lasisin yin magana da juna ta rediyo don koyo da gwaji, ba don kasuwanci ba. Kowannensu yana da lambar kira. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Ƙaramar rediyon hannu ba ta zuwa nesa, musamman a cikin gari inda gine-gine ke tare sigina. Shi ya sa suke ɗora wata tasha a kan dutse ko dogon bene, wadda ke karɓar murya mai rauni ta sake watsa ta da ƙarfi nan take. Sunanta rifita. A lokacin bala'i amfanin wannan sha'awa yakan fito fili. Da guguwar Maria ta faɗa wa tsibirin Puerto Rico a 2017 ta kashe mafi yawan turakun sadarwa, masu rediyon sha'awa na cikin waɗanda suka riƙa isar da saƙonni.

Rifita tana saurare a mita ɗaya, tana watsawa a wata. Mita a nan ita ce wadda masu sauraron rediyo suka sani, wato lambar da ake kama tasha a kanta, kuma da megahaz ko kilohaz ake auna ta. A Afirka da Turai, ɗaya daga cikin zangunan da ake kafa rifita a kansu yana tsakanin megahaz 144 da 146. Misali, rifita na iya saurare a 145.000 ta watsa a 145.600. Tazarar kilohaz 600 ce kacal, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na mitar.

Matsalar tana cikin bambancin ƙarfi. Ɓangaren watsawa na iya fitar da wat 50. Ɓangaren saurare kuma an yi shi ne ya ji siginar da ba ta wuce kashi 2 cikin 10 na maikrobolt ba. Idan aka kwatanta ƙarfin biyun, na farko ya ninka na biyu da adadin da ake rubutawa da lamba 6 da sifili 16 a bayanta. Kamar mutum ne a tsaye gaban lasifikar biki, yana ƙoƙarin jin raɗar wani daga ƙarshen unguwa.

Dufleksa rariya ce da ke tsakanin eriya da ɓangarorin biyu, kuma ayyuka biyu take yi. A gefen saurare tana tare ƙarfin mai watsawa kada ya shiga ya toshe kunnen na'urar. A gefen watsawa tana tace hayaniyar da mai watsawa ke zubarwa a kan mitar saurare. Ana auna wannan tacewa da desibel: desibel 10 ragewa ce sau 10, desibel 30 sau 1,000, desibel 90 kuma sau biliyan ɗaya. Rifita mai tazarar kilohaz 600 takan buƙaci desibel 80 zuwa 90 ko fiye.

Irin wannan na'ura tana da tsada a kamfani, shi ya sa tun da daɗewa ake ƙera ta a gida. A 1972 mujallar QST ta ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta wallafa tsarin dufleksa mai gwangwani shida da aka yi da bututun jan ƙarfe mai faɗin inci 4, kuma mutane da yawa sun kwaikwayi tsarin.

Abin da ke cikin gwangwani

Idan aka buɗe gwangwani ɗaya, ba a ganin wani abin a zo a gani. Akwai bangon waje, da murfi, da wani bututu a tsakiya wanda ke rataye daga murfin bai taɓa ƙasa ba. Sai wata 'yar lanƙwasasshiyar waya kusa da murfi wadda sigina ke shiga da fita ta cikinta. Sauran duk iska ce.

Sirrin yana ga tsawon bututun tsakiya. Kamar yadda tsawon sarewa ke yanke irin sautin da za ta fitar, haka tsawon wannan bututu ke yanke mitar da gwangwanin zai amsa. Ana yanka shi ya kusanci rubu'in tsawon igiyar rediyo. A megahaz 145 tsawon igiya kimanin santimita 207 ne, rubu'insa kuwa kusan santimita 52. Idan bututun ya ƙara tsawo mita tana sauka, idan ya rage tana hawa.

Lissafin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: ƙarin milimita 1 a kan santimita 52 yana gusar da mita da kimanin kilohaz 280. Milimita 2 sun kusa cinye duka tazarar da ke tsakanin saurare da watsawa.

Idan aka haɗa gwangwanin da na'urar awo, layin da zai fito a allo yana da tudu da rami. Tudun shi ne mitar da ake so ta wuce, kuma yana da ɗan faɗi. Ramin shi ne mitar da ake so a tare, kuma siriri ne ƙwarai, mai zurfi a tsakiya kawai. Idan saiti ya gusa kaɗan, tudun ba ya nuna wani canji sosai. Amma siginar da ya kamata ta faɗa tsakiyar rami sai ta koma gefensa, inda zurfin ya ragu da desibel masu yawa.

Abin da digiri 20 ke yi

Kowane ƙarfe yana da gwargwadon miƙewarsa a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selsiyas, ana ƙirga shi da kashi cikin miliyan:

Alminiyum: kimanin 23
Tagulla: kimanin 19
Jan ƙarfe: kimanin 17
Baƙin ƙarfe irin na noti da ƙusa: kimanin 12
Invar: kimanin 1.2

Lambobin suna da ƙanƙanta har sai an ninka su da mita. Kashi 17 cikin miliyan na megahaz 145 ya kama kusan kilohaz 2.5. Ke nan gwangwanin da aka yi da jan ƙarfe zalla yana sauka da kilohaz 2.5 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan ya ƙaru da digiri 20, bututun ya miƙe da milimita 0.18, kaurin fallen takarda biyu, mita kuma ta gusa da kilohaz 49. A wannan zango tazarar da ake bari tsakanin tasha da tasha kilohaz 12.5 ce, wato ramin ya yi tafiyar tasha huɗu. Da alminiyum aka yi shi, tafiyar za ta kai kilohaz 67. A zangon megahaz 435 kuwa, gwangwanin ya fi gajarta amma gusawar ta ninka uku, kimanin kilohaz 7.4 a kowane digiri.

Digiri 20 ba wani abin mamaki ba ne. A Turai da Amurka ɗakin rifita da ke kan dutse yana ganin ƙanƙara a lokacin sanyi, ya ga zafin da ya haura digiri 30 a bazara, shi ya sa kamfanoni galibi ke rubuta cewa dufleksarsu tana aiki daga digiri 30 ƙasa da sifili zuwa 60. A Kano ko Damagaram, a lokacin hunturu, bambancin asuba da azahar kaɗai yakan kai digiri 15 ko fiye, kuma ɗaki mai rufin kwano yana ƙara nasa a kai.

Alamar da ake gane matsalar da ita sananniya ce. Na kusa suna shiga rifita ba wahala. Na nesa mai ƙaramar rediyo yana buɗe ta, da zarar ta fara watsawa sai muryarsa ta nutse cikin shuu, ko ta riƙa yankewa tana dawowa. Idan abin yana zuwa da rana ya tafi da dare, ko ya zo da hunturu ya tafi da bazara, zafi ne abu na farko da za a zarga. Mafi muni shi ne masu rauni ake fara rasawa, kuma su ne aka kafa rifitar dominsu.

Dabara ta farko: a ba Invar riƙon tsawo

A 1896 wani masanin kimiyya ɗan Suwizalan, Charles Édouard Guillaume, wanda ke aiki a hukumar awo ta duniya kusa da birnin Paris, ya gano cewa idan aka haɗa baƙin ƙarfe kashi 64 da nikel kashi 36, ana samun ƙarfen da kusan ba ya miƙewa da zafi. Aka sa masa suna Invar, daga kalmar da ke nufin abin da ba ya canzawa. Wannan bincike ne ya ba shi kyautar Nobel a 1920.

Mai karatu zai iya cewa to a yi bututun tsakiya da Invar mana, a huta. Hakan ba ya yiwuwa, domin Invar ba ya ɗaukar wuta da kyau, kuma maganaɗisu yana kama shi. A irin wannan mita wutar rediyo a fatar ƙarfe kawai take gudu, zurfin da bai wuce maikromita 5 zuwa 6 ba a jan ƙarfe. Dole fatar da wutar ke bi ta zama jan ƙarfe mai sheƙi, ko wanda aka yi wa ruwan azurfa. In ba haka ba ƙarfin sigina zai ƙare a matsayin zafi, ramin kuma ya cike.

Saboda haka sai aka raba aikin. Bututun tsakiya ana yin sa kashi biyu. Na sama a liƙe yake da murfi. Na ƙasa ya fi shi siranta, yana zamewa a cikinsa kamar eriyar tsohuwar rediyo mai janyewa. A bakin da suka haɗu akwai 'yan yatsun ƙarfe masu dannawa, don wuta ta wuce ko da ɗaya yana motsi a jikin ɗaya. Sandar saiti, wadda aka yi da Invar, tana shiga ta tsakiyar murfi, ta ratsa cikin bututun biyu inda wutar rediyo ba ta kaiwa, ta kama can ƙarshen na ƙasa.

Idan zafi ya tashi, bututun sama yana miƙewa ƙasa, na ƙasa yana miƙewa sama, sai su ƙara shiga cikin juna ta wurin yatsun. Amma nisan da ke tsakanin murfi da ƙarshen bututu sandar Invar ce ke riƙe da shi, ita kuwa da ƙyar take motsi. A digiri 20, gusawar da sandar ke jawowa kilohaz 3.5 ce maimakon 49.

Kuskuren da ke kashe wannan dabara shi ne a ɗaure sandar a saman bututun ƙasa maimakon ƙarshensa. Idan aka yi haka, duk jan ƙarfen da ke ƙasa da wurin ɗaurin zai ci gaba da miƙewa yadda ya ga dama, an kashe kuɗin Invar a banza.

Akwai kuma wani ɗan saura. Tsakanin ƙarshen bututu da gindin gwangwani akwai rata, kuma wannan rata tana da tasiri a kan mita. Idan bangon waje ya miƙe, gindi ya yi nisa, ratar ta buɗe, mita ta ɗan hau. Wannan hawa yana iya soke ɗan saukar da sandar ke jawowa, ko ya zarce shi. Barin rata mai yalwa a ƙasa yana rage tasirinta.

Idan Invar bai samu ba

Invar yana da tsada, kuma ba a samunsa a kowace kasuwar ƙarfe. Abin da aka fi samu shi ne sandar baƙin ƙarfe mai zare. Ita kaɗai tana rage gusawa daga kilohaz 49 zuwa kimanin 35 a digiri 20. An samu sauƙi, amma bai isa ba. Mai son ƙyalli kuma zai iya sayo sandar sitenles yana ganin ya yi gaba, alhali irin sitenles ɗin da aka fi sayarwa yana miƙewa kusan daidai da jan ƙarfe, kashi 16 zuwa 17.

A nan wata tsohuwar dabara ta maƙeran agogo take shigowa. A shekarun 1720 wani Bature ɗan Ingila, John Harrison, ya fuskanci irin wannan matsala: lilon agogo yana ƙara tsawo da zafi, agogo ya riƙa yin latti. Sai ya jera sandunan tagulla da na baƙin ƙarfe ta yadda wasu ke miƙewa ƙasa wasu na miƙewa sama, tsawon lilon ya tsaya wuri ɗaya.

A gwangwani ana yin haka ta hanyar kafa wani bututu a saman murfi, kamar wuyan kwalba, a ɗaure sandar saiti a can samansa maimakon a jikin murfi. Idan zafi ya tashi, sandar tana miƙewa ƙasa, wuyan kuma yana miƙewa sama yana ɗaga ta. Idan miƙewar biyun ta zo daidai, ƙarshen bututun ciki ba ya motsi.

Lissafin ba shi da wahala. A ce wuyan na alminiyum ne, sandar ta baƙin ƙarfe. Miƙewar wuya ita ce tsawonsa sau 23. Miƙewar sanda ita ce tsawon wuya haɗe da santimita 52, sau 12. Idan aka daidaita su, wuyan zai kama kusan santimita 57, wato tsawon na'urar ya ninka biyu. Yana aiki a lissafi, amma doguwar sanda tana rawa, kuma dole zafin sama da na ƙasa su zama ɗaya. Da Invar ne, wuyan santimita 3 ya wadatar. Ko ɗan gajeren wuya a kan sandar baƙin ƙarfe yana rage wani abu, sai a cike sauran da gyaran muhalli.

Sauran ƙofofin da zafi ke shigowa

Sanda ba ita kaɗai ce ke motsi ba. A yawancin tsare-tsare, nisan da ke tsakanin tudu da rami wata 'yar kafasita ce ke yanke shi. Idan kafasitar mai arha ce, ramin zai yi yawo ko da tudun yana tsaye. Ana zaɓar mai iska a tsakani, ko ta gilashi mai zare, ko ta yumɓu ajin da ake rubuta wa NP0 ko C0G, wadda canjinta bai wuce kashi 30 cikin miliyan a digiri ɗaya ba.

Kebul ɗin da ke haɗa gwangwanaye ma an yanka su ne a kan awo, kuma suna cikin lissafin saiti. Ana amfani da masu saƙa biyu irin RG-214 ko RG-400. Kebul mai fallen alminiyum a ƙarƙashin saƙar jan ƙarfe an san shi da haifar da ƙaraf-ƙaraf a rifita idan ya tsufa, saboda ƙarafan biyu suna gugar juna.

Sai zafin da dufleksa ke haifar wa kanta. Idan gefen watsawa yana cin desibel 1.5, daga wat 50 da suka shiga wat 35 ne ke kaiwa eriya. Sauran wat 15 sun zama zafi a cikin gwangwanaye da kebul, mafi yawa a kusa da murfi inda wuta ta fi yawa. Doguwar hira tana ɗumama gefen watsawa fiye da gefen saurare. Murfi mai kauri yana taimakawa wajen baza wannan zafi, kuma ba ya lanƙwasa ya ja sandar.

Danshi ma yana da nasa rabo. Iska mai laima tana ɗan rage gudun igiyar rediyo fiye da busasshiya. Tsakanin iskar hunturu da ta tsakiyar damina, bambancin na iya kusantar kashi 100 cikin miliyan, wato kilohaz 10 zuwa 15 a megahaz 145. Sandar Invar ba ta da maganin wannan. Abin da ke taimakawa shi ne a sa gwangwanayen cikin akwati mai rufi, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi irin na kwalin sabon takalmi, a riƙa canza su.

Na ƙarshe shi ne noti. Sanda mai zaren M6 tana tafiyar milimita 1 a juyi guda, wato kilohaz 280. Kashi ɗaya cikin goma na juyi ya isa ya fitar da rami daga wurinsa. Notin kulle idan ya yi sako-sako, miƙewa da tsukewar kullum za su riƙa tura sandar a hankali. Idan aka ɗaure shi da ƙarfin tsiya kuma, ɗaurin kansa yana jan saiti. Ana ɗaure shi ne ido na kan na'urar awo.

Gyaran muhalli ya fi arha

Kafin a kashe kuɗi a kan ƙarfe, wurin ajiya ya kamata a fara dubawa. Rage canjin zafi daga digiri 20 zuwa 8 ya fi abin da sandar baƙin ƙarfe ke bayarwa.

A ajiye dufleksa a ƙasa kusa da daɓe, nesa da rufin kwano, inda rana ba ta taɓa ta ta taga. A raba ta da iskar da fankar na'urar watsawa ke hurowa. Akwatin katako da aka yi wa shimfiɗar soso a ciki yana sa zafin waje ya ɗauki sa'o'i kafin ya shiga, amma a bar 'yar kafa a sama don zafin da gwangwanayen ke haifarwa ya fita. A tabbata duk gwangwanayen suna cikin yanayi ɗaya, kada ɗaya ya jingina da bango mai zafi sauran suna inuwa.

Akwai kuma hanyar rage buƙatar tun daga tushe. Sauke ƙarfin watsawa daga wat 50 zuwa 25 yana ba da sararin desibel 3 kuma ya rage ɗumamar ciki da rabi, alhali masu saurare da ƙyar za su lura. Gwangwani uku a kowane gefe maimakon biyu suna ba da rami mai faɗi, ta yadda ko an ɗan gusa, sauran zurfin ya isa.

Yadda ake aunawa

Duk lissafin da ke sama hasashe ne har sai an gwada ainihin gwangwanin. A da kayan awon irin wannan sai manyan ɗakunan gwaji. Yanzu akwai NanoVNA, wadda ta kai girman tafin hannu kuma kuɗinta bai kai na waya mai matsakaicin farashi ba. Tana zana tudu da rami a allonta, ana kuma iya haɗa ta da kwamfuta. Iyakarta ita ce ba ta ganin zurfin desibel 90 da kyau, don haka gwangwani ɗaya-ɗaya ake aunawa da ita. Don sanin zafi, ana manna ma'auni irin DS18B20 a jikin murfi, a haɗa shi da Arduino ko ESP32 ya riƙa rubuta lamba duk minti ɗaya.

1. Bayan an gama liƙi da dalma, a bar gwangwanin ya sha rana ya huce sau da yawa kafin saiti na ƙarshe. Sabon haɗi yakan ɗan zauna, kuma ba ya komawa daidai inda ya taso a karon farko.
2. A rubuta mitar tsakiyar rami da zafin ƙarfe da asuba.
3. A sake rubutawa da azahar, bayan ƙarfen ya daɗe a zafi ɗaya ciki da waje.
4. A raba bambancin mita da bambancin zafi. A misali, idan rami ya sauka da kilohaz 36 yayin da zafi ya tashi daga digiri 18 zuwa 36, gusawar kilohaz 2 ce a digiri.
5. Idan mita tana sauka da zafi, wuyan da ke riƙe da sanda yana buƙatar ƙarin tsawo. Idan hawa take yi, an zarce, sai a rage.
6. A yi saiti na ƙarshe a tsakiyar zafin da ɗakin ke gani. Ɗakin da ke yawo tsakanin digiri 18 da 40, a saita shi a wajajen 29, don gusawar ta rabu biyu.

Gwaji na ƙarshe a kan rifitar kanta ake yi. A sa wani ya aiko da sigina mai rauni wadda da ƙyar ake ji, a kunna ɓangaren watsawa a kashe. Idan shuu ya ƙaru duk lokacin da aka kunna, tacewa ba ta isa ba. A maimaita da asuba da azahar.

Abubuwa biyu na kiyayewa: ba a juya sandar saiti alhali ana watsa cikakken ƙarfi, domin tartsatsi yana ƙona yatsun. Kuma yatsun nan galibi da jan ƙarfe mai sinadarin beriliyam ake yin su, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka ba a goge su da magagari ko samfefa.

Wayar hannu ma haka take fama

Dufleksar waya ba ta da gwangwani. Tana mayar da sigina ta zama girgiza a kan wata 'yar ƙwayar dutse, galibi litiyam tantalet ko makamancinsa, ta tace, ta sake mayar da ita wuta. A zangon 1800 na 4G waya tana aikawa tsakanin megahaz 1710 da 1785, tana karɓa tsakanin 1805 da 1880, da ratar megahaz 20 a tsakani. Wannan dutse ya fi jan ƙarfe jin zafi, yana gusawa da kusan kashi 40 cikin miliyan a digiri ɗaya. Idan waya ta tashi daga sanyin asuba zuwa zafin gaban mota, bambancin digiri 50 zai iya cinye fiye da megahaz 3 daga cikin 20 ɗin.

Maganin da kamfanoni suka samo ɗan'uwan na Harrison ne. Suna shafa wa dutsen siririn falle na silika, sinadarin gilashi, wanda ke ƙara tauri idan ya ji zafi yayin da dutsen ke ƙara laushi. Ɗaya yana ja ƙasa, ɗaya yana ja sama. Irin waɗannan su ake kira TC-SAW a takardun bayanan kayan waya.

Kafa rifita da watsa sigina sai da lasisi daga hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma sayen rediyon hannu a kasuwa ba ya ba mutum izinin magana a kan mitar da ya ga dama. Amma auna gwangwani a kan tebur ba watsawa ba ne. Ɗalibin da ya samu guntun bututun jan ƙarfe, da babban gwangwanin ƙarfe, da NanoVNA ko ta aro ce, zai iya haɗa guda ɗaya ya ajiye shi a rana, ya zauna ya kalli layin da ke allo yana sauka da kusan kilohaz 2.5 a kowane digiri. Daga nan sai ya raba bututun biyu, ya sa sandar baƙin ƙarfe, ya sake aunawa, ya kwatanta lambobin biyu.